A Sa Ɗan Gida? To, Yaya Sunansa?

Jama'ar Karaduwa, a ɗan matsa mini a bencin. Ƙorafinku ya iso ni. Wai duk ranar da aka lallasa Katsina United laifin koci ne, don ya tsallake yaran Funtua da Malumfashi da Bakori, ya nausa Kudu ya kwaso waɗanda ko "ina kwana" ba su iya ba. Madalla. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada wanda ya leƙa waya. Alhaji, kai da muryarka ta fi ta kowa, wa ke sa lamba tara a ƙungiyar unguwarku? Ka ga an yi tsit. Amma da cewa na yi jero mini 'yan bayan Arsenal, da har wanda ya ji ciwo a cinya da ranar da likita ya ce zai dawo sai ka faɗa.

Na san amsar da kake shiryawa: ai neman yara aikin koci ne, don shi ake biya. Kana da rabin gaskiya, ba zan hana ka ba. Daga filin wasa na Muhammadu Dikko zuwa Funtua tafiyar kimanin kilomita 200 ce, mutumin Funtua ya fi saurin shiga Zariya a kan ya je babban birnin jiharsa, kuma ƙungiyar da ke cin kuɗin jiha ya kamata ta riƙa tako ƙafa kudancin jihar. Sauran rabin kuwa naku ne. Kocin da ya san in ya sha kashi sau uku a jere ku ne za ku fara ihun "a kore shi", da wace zuciya zai ajiye tsohon hannu ya sa yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa buga wasa gaban mutum dubu ba? Ranar da ya yi ta maza ya sa yaron, yaron ya ɓarar da fenareti, daga bakinku za a fara jin cewa ai da takardar ɗan siyasa ya shigo.

Kanawan da ke kasuwanci a nan, ku rage dariya. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ba mu musa ba, amma a 2022 mota ɗaya ta sauke mu da ku daga firimiya, mota ɗaya kuma ta dawo da mu a 2023.

Akwai wani Malam a can ƙarshen benci da kullum yake kawo mini misalin Athletic Bilbao ta Sifen, wadda ba ta sa kowa sai ɗan yankin Basque, kuma tun da aka fara La Liga a 1929 ba ta taɓa faɗuwa ba. Haka ne, Malam, ka yi karatu. Sai dai ka tsallake shafi biyu. Na farko, tun 1971 suke da makarantar renon yara a Lezama, ba a bakin mai shayi suke tsintar 'yan wasa ba. Na biyu, daga 1984 sai da suka yi shekara 40 kafin su sake ɗaga kofin Copa del Rey a 2024, magoya bayansu na nan daram suna sayen tikiti. Kai kuwa minti 40 ba ka iya yi ba a ci ƙwallo ba tare da ka ambaci iyayen koci ba. Ga kuma Iñaki da Nico Williams, iyayensu mutanen Ghana ne, amma mutanen Bilbao na kiransu 'yan gida da cikakken baki. Haka Ahmed Musa, a Jos aka haife shi, ya zo Pillars ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya, Kano ta ce nata ne. To Funtua, garin da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka tara wa kowace ƙabila, in ɗan Bayarabe haifaffen garin ya fi ɗanka gudu, yana cikin 'yan gidan da kake nufi ko kuwa?

Mu leƙa filin makarantar da ke bayan gidanka da la'asar. Turken gola gora ce guda biyu, an ɗaura igiya a sama. Tsakiyar fili hanyar 'yan acaɓa ce, gefe kuma wani ya soma kafa harsashin shago. Yara biyu sun raba takalmi ɗaya, mai bugu da dama ya ɗauki na dama, bahago ya ɗauki na hagu, kuma bahagon nan in ya murza ƙwallo sai ka riƙe baki. 'Yan kallonsa awaki uku da mai sayar da rake. Damina na sauka Baba zai ce a ajiye tamaula, ga noman fari, ga maimai, ga zuba taki, daga nan sai karyar masara da cirar auduga. Ban ga laifin Baba ba, da hatsin ake cin tuwo. Amma ku manoma ne, kun fi ni sanin cewa wanda bai zuba iri ba ba ya zuwa kasuwar Dandume da buhu.

A Amurka, wasan ɗaliban jami'a kan cika filin Michigan da ke cin mutum sama da 100,000, kodayake ƙwallon tasu mai siffar gwanda ce kuma da hannu suke ɗaukarta, Allah ya shirye su. Mu kuwa wasan makaranta sai ranar intahaus, a kafa wa manyan baƙi rumfa, a yi fareti, a yi jawabi, kafin a zo kan ƙwallo magariba ta kawo jiki.

Saboda haka Alhaji, kuɗin gidan kallo na wata guda ka haɗa da na abokanka, ku saya wa yaran unguwa ƙwallo biyu da takalma, ku je ku tsaya a bakin fili ranar wasansu. Kai kuma Baba, don Allah in an yi la'asar a sallami bahagon nan daga gona.