Naushin Da Ba Ya Taɓa Jiki

Wani ƙanena ne ya miƙo mini waya a majalisa bayan la'asar, ya ce, "Yaya, kalli ikon Allah." Na karɓa na kalla. Wani dattijo ne ɗan Japan cikin kayan 'yan kareti, samari majiya ƙarfi sun yi masa zobe. Wannan ya taso a guje, dattijo ya kaɗa hannu a iska kamar mai korar ƙuda, sai ga saurayi ya wuntsila. Na biyu ya taso, aka nuna shi da tafin hannu, ya zube yana shure-shure. Ba wanda aka taɓa ko da gefen rigarsa. Ƙanena ya ce shi kam ya samu abin koyo. Na ce masa ya bari mu ga ƙarshen labarin tukuna.

Masu wannan sana'a sun ce akwai wani ƙarfi ɓoyayye a jikin ɗan Adam, wanda in ka iya tara shi za ka harba shi daga nesa ya kayar da ƙato. Sinawa suna kiransa "ci", Japanawa kuma "ki". Ni dai a matsayina na Bahaushe sunayen nan biyu sun gamsar da ni. Akwai ci a cikinsa, domin ɗalibi ba ya faɗuwa sai ya biya kuɗin makaranta. Akwai kuma ƙi, domin da zarar baƙo ya tsaya a gabansa, sai ƙarfin ya ƙi fitowa.

Dattijon cikin wayar sunansa Yanagi Ryuken. Ya yi ta shelar cewa ya kara fiye da sau 200 ba a taɓa kai shi ƙasa ba, har ya buɗe ƙofa ga duk mai jin kansa. A 2006 wani ɗan damben zamani, Iwakura Tsuyoshi, ya amsa gayyata. Aka shiga fili, malam ya fara kaɗa hannuwa yadda ya saba. Iwakura ya ɗan dakata, wataƙila yana jira ya ji abin ya zo masa. Da ya ji shiru, sai ya kai naushi a fuska. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda dattijon ya dafe bakinsa yana mamaki, alamar shi kansa ya yarda da abin da yake sayarwa. Shekara da shekaru yara suna zubewa a gabansa, wa zai gaya masa gaskiya? Aka tambaye shi ko a ci gaba, ya ce a ci gaba. Ba a daɗe ba aka tashi wasan, malam yana kwance.

Amma in ana maganar gwanintar kare kai da baki, sai a sara wa George Dillman na Amurka. A 2005 tashar National Geographic ta shirya gwaji. Aka kawo wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Luigi Garlaschelli, mutum ba wani ƙaƙƙarfa ba, aka tsayar da shi. Wani na hannun daman Dillman ya miƙa hannuwa ya yi ta turo ƙarfin nan. Ya turo, ya sake turowa. Mutumin Italiya yana tsaye ƙiƙam kamar mai jiran mota. Da aka nemi bayani, Dillman ya ce ai mutumin bai yi imani da abin ba. Ya ƙara da cewa in mutum ya ajiye harshensa a wani wuri cikin bakinsa, ƙarfin ba ya kama shi. Haka kuma in ya ɗaga babban yatsan ƙafa ɗaya ya danne ɗayan.

Jama'a, ku duba wannan makami. Ɓarawo ya haura maka gida da tsakar dare, sai ka ce, "Bawan Allah, don girman iyayenka daidaita harshenka, ka sauke yatsan ƙafarka, sannan ka ba da gaskiya da ni, zan sumar da kai." In ya kasance ɓarawo mai ladabi ne, to ka tsira.

A ƙasar Sin ma an sha kallo. A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu, wani ɗan dambe mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, malamin faɗan gargajiya na taici da gidan talabijin ya taɓa nuna shi a matsayin gwani. Ko rabin minti ba a yi ba malam ya tsinci kansa a ƙasa yana kare ƙeya. Daga baya ya ɗora laifin a kan takalminsa. A watan Mayun 2020 kuma sai ga Ma Baoguo, dattijo mai shekara kusan 70, wanda aka kayar sau uku cikin daƙiƙa 30. Shi ne mai ƙorafin nan da ya zama abin barkwanci a intanet ɗin Sin, wai samarin yanzu ba su da ladabin faɗa. Wato ladabi shi ne ka faɗi kafin a taɓa ka.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi wa Xu kyautar riga. Hukumar wasannin gargajiya ta ƙasar ta yi tir da shi, aka ce ya ci mutuncin al'ada. A 2019 kotu ta umarce shi ya biya diyya ya kuma nemi gafarar wani babban malamin taici, Chen Xiaowang, saboda ya kira shi ɗan damfara, har aka hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai gudu na wani lokaci. Wanda ya tona rami shi aka tura ciki.

To, kafin mu cika dariya, mu ɗan waiwaya. Ɗan damben gargajiyarmu yana ɗaura laya a damtse, ba musu. Sai dai bayan layar yana naɗe hannu da zare, yana motsa jiki, kuma in makaɗi ya saki kalangu, naushi na gaske yake kaiwa, na gaske yake karɓa. Ban taɓa jin wanda ya yi kisa a fagen dambe da kallo kawai ba. Ɗan tauri kuwa, lura da kyau, galibi da hannunsa yake goga wuƙar a cikinsa.

Inda muka fi Yanagi ɗalibai shi ne wajen fadanci. Shiga ofishin wani oga ka gani. Bai gama ba da labarin ban dariya ba, mutum biyar sun riƙe ciki, ɗaya har da share hawaye. Ya kawo shawarar da ko yaron goye ba zai karɓa ba, sai ka ji, "Ranka ya daɗe, wannan basira daga Allah ce." Ya ɗaga hannu zai sosa kunne, an riga an durƙusa. Haka za a yi ta yi masa har ya yarda cewa iskar hannunsa tana kayar da maza, ya fito takara, ranar ƙidayar ƙuri'a ya haɗu da nasa Iwakuran. Sannan a fara bayanin harshe da yatsan ƙafa.

Ƙanen nawa dai bai haƙura nan take ba. Washegari na same shi a tsakar gida ya ware ƙafafu, ya runtse ido, yana turo wa ragon layyar Baba ƙarfi daga nesa. Ragon ya dube shi, ya ja da baya taku uku, ƙanena ya ce, "Yaya, ka ga ya fara aiki!" Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da rago yake nufi in ya ja da baya. Kwanansa huɗu yana sallah a zaune.