Ɗan Fansho, Motarsa da Wuraren Tarihi

A ƙasashen Amurka da Ostireliya akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin tsofaffin ma'aikata, inda mutum kan sayar da gidansa da zarar ya ajiye aiki, ya sayi mota mai ɗaki, wato babbar mota da aka ƙera cikinta da gado da madafi da makewayi, sannan ya ɗauki matarsa su shiga duniya ba tare da sun sa ranar dawowa ba. Kamfanin Winnebago yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera irin waɗannan motoci, kuma duk lokacin sanyi dubban masu su kan yi sansani a garin Quartzsite na jihar Arizona. Babban aikinsu shi ne ziyartar wurare irin su filin dagar Gettysburg, inda aka gwabza a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka, su biya kuɗin jagora, su karanta abin da aka rubuta a allo, su ɗauki hoto, su ƙara gaba.

Masu cewa Bahaushe bai san wannan rayuwa ba sun yi gaggawar yanke hukunci, domin ɗan fansho na Jajaye, wata mazaɓa a ƙaramar hukumar Rogo, ya fi takwaransa na Amurka zirga-zirga nesa ba kusa ba. Tun ranar da ya cika shekara 35 yana aiki, ko 60 da haihuwa, dangi ke ɗaukarsa a matsayin wanda ba shi da uzuri, kuma da yake an ce zumunci a ƙafa yake, ƙafarsa ce ake nufi. Asabar yana ɗaurin aure a Gwarzo, Lahadi yana suna a Ƙiru, Litinin yana sadakar uku a Maƙarfi, a wani gida da sai a hanya ake yi masa bayanin yadda aka haɗa dangantaka. A kan wannan kuma akwai tantancewa, wato bayyana a gaban ma'aikata lokaci zuwa lokaci domin a tabbatar yana raye, tunda a ƙa'idar ofis maganar mutum ita kaɗai ba ta isa hujja a kan wannan batu ba. Yakan tafi Kano rungume da fayil mai ɗauke da takardar kama aiki da ta ƙarin girma da hotonsa na zamanin da yake da suma, waɗanda a wata ƙasar da tuni an sa su cikin gilashi ana karɓar kuɗin kallo.

Ta fuskar abin hawa ma ba a bar shi a baya ba. Tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta daɗe tana ɗauke da duk abin da gida ke buƙata, kama daga tabarma da dadduma da buta zuwa rediyo da galan da babbar riga ta ko-ta-kwana, saboda ba a san inda za a ci karo da taro ba. Sai dai tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa daga cikin motocin nan sun samu matsuguni a gindin darbejiya, an ɗora su a kan duwatsu ana jiran fitowar garatuti, wato dunƙulallen kuɗin sallama da ake biyan ma'aikaci sau ɗaya. A halin yanzu kaji ne ke kwana a ciki har suna ƙyanƙyasa, don haka ba za a ce manufar mayar da mota gida ta faɗi gaba ɗaya ba.

Yana da amfani a yi nazarin abin da zai faru idan wani dattijo a Jajaye ya yi ƙundunbala ya sayi mota mai ɗaki ta gaske. Kafin magariba gari zai rabu gida biyu, wasu na cewa uwargida ce ta kore shi, wasu na ba da shawarar a nemo masa rubutun sha, domin a fahimtar jama'a ba mai kwana a mota yana da ɗaki sai direban tirela ko wanda wani abu ya taɓa. Daga nan sai matsalar rabon kwana, wato adalcin raba darare tsakanin matan aure, wanda babu alamar maƙeran Amurka sun yi la'akari da shi sa'ad da suke auna faɗin motar. Idan an warware wannan, ranar tashi zai tarar da mutum goma sha a bakin mota, kowa na cewa a rage masa hanya, ga buhunan masara da za a sauke a kasuwar Dawanau, ga akuyar da za a kai wa wata mai jego. Cikin wata guda motar za ta zama ta kai amarya a unguwar, mai ita kuma ya koma soro da tabarmarsa.

Inda bambancin gaskiya yake shi ne wajen wuraren tarihin kansu. Dattijon nan ya wuce ta ƙofar Gidan Makama, wanda aka gina a ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa, sau ba adadi, amma bai taɓa leƙawa ba, saboda a ganinsa wurin na Turawa ne da 'yan firamare masu tafiya a layi. Karofin Ƙofar Mata ya san shi ne a matsayin kwatance, hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu kuwa a kalanda yake gaisawa da su. Ba ƙyamar ziyara yake yi ba, domin idan Allah ya kai shi Madina babu mai riga shi shiga motar zuwa Uhudu da masallacin Ƙuba, kuma zai shekara yana ba da labari. A gida ne kawai ƙafar ke yin nauyi. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a farkon shekarun 1990, iyakar abin da ya haɗa shi da ita kifi ne, kuma ya fi son a kawo masa a soye. Wataƙila yana da hanzari, tunda a yankinsa tarihi ne ke zuwa ya tarar da mutum a zaune: an ƙirƙiri masarautar Ƙaraye a 2019, aka rushe ta a 2024, aka kuma dawo da ita a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, duk bai kashe ko sisi na mota ba.

Wannan rashin zuwa bai rage masa ƙarfin murya a majalisa ba, wato bencin da dattawa ke zama a kai tsakanin la'asar da magariba, inda ake tashi daga Hubbaren Shehu a Sakkwato a sauka a Kufena ta Zariya ba tare da an sha ko lita ɗaya ba. A nan ne mutum biyu kan shafe mako suna gardama a kan yawan matakalan Dutsen Dala, kowa na rantsuwa da adadinsa, alhali rabon ɗaya da hawa tun yana aji shida, ɗayan kuma daga ƙasa ya ƙirga. Idan abin ya yi zafi akan kira jika ya duba a waya, kuma da zarar ya karanto amsa sai su haɗu su ƙaryata shi, bisa hujjar cewa wanda ya rubuta a intanet ba ɗan Kano ba ne.