Nazari Kan Ɗabi'ar Aron Fuska a Gaban Kyamara

Tun daga 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre a Faransa ta kama surar mutum a kan faranti mai ruwan azurfa, masana suka ɗauka cewa an sami na'urar da ba ta yi wa kowa kara, domin abin da ta gani shi take faɗa. Masu zuwa a ɗauke su hoto ba su taɓa amincewa da wannan ra'ayi ba, kuma tarihin sana'ar a Afirka ta Yamma tarihi ne na yadda aka lallaɓa kyamara har ta koyi kawaici.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur ƙirar Vespa domin duk mai son a gan shi da su, kuma irin wannan hidima ce masu hoto na Kano da Zariya da Damagaram suka yi wa jama'a shekara da shekaru. A nan ne mai zane ya shigo cikin harkar, saboda shi ke zana labulen baya, wato ƙyallen da ake ratayawa bayan mutum, mai ɗauke da bene da jirgin sama wanda sau da yawa fiffikensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta haka mutumin da bai taɓa wuce Wudil ba yakan tsaya cikin aron kwat, ya kara wa kunnensa tarho marar waya, ya murtuke fuska irin ta wanda Landan ke jira, sannan a aika wa dangi a ƙauye su rataye a zaure.

Zuwan wayar hannu bai kashe wannan ɗabi'a ba, sai dai ya ɗauke aron daga kayan ɗaki ya mayar da shi kan fuska. Filta, wadda manhaja ce da ke goge ƙuraje ta miƙe hanci ta kuma haskaka fata ba tare da an sayi mai ba, ta sa aikin mai hoto ya tashi daga sanin haske da inuwa ya koma gyaran halitta. Ana roƙonsa ya rage tumbin ango, ya ƙara wa amarya wuya, ya cire kishiyar uwa daga gefe, kuma idan ya kuskura ya kawo hoton da ya yi kama da mai shi, sai a hana shi cikon kuɗinsa bisa hujjar cewa hoton bai yi kyau ba. A wajen dina kuwa, mai liƙi yakan riƙe sababbin kuɗinsa a sama har sai ya tabbatar kyamara ta juyo, abin da ke nuna cewa ba amarya ake yi wa liƙin ba. Haka ma buhun shinkafa guda da za a ba maraya yakan buƙaci mutum goma su dafa shi, maraya na tsakiya yana jira a gama ɗaukar hoto.

Mai zanen fuska da fensir ya fi kowa shan wahala, domin ko ya yi karatunsa a Zariya, inda su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, 'yan uwa suna ganin aikinsa baiwa ce, baiwa kuma ba a biyanta. Hoton da ake ba shi ya kwaikwaya ma ya riga ya bi ta filta, saboda haka yakan kwana uku yana zana mutumin da ba a haifa ba.

Hoto ɗaya ne ya gagari wannan ci gaba, shi ne na katin shaidar ɗan ƙasa, wanda ake ɗauka bayan an wuni a layi, babu hoda, babu murmushi, kuma babu damar a sake. Shi ya sa ake ɓoye shi a ƙasan jaka tare da takardun asibiti, kuma ya kamata waliyyan ango da na amarya su riƙa neman ganinsa kafin a yanka sadaki.