Zuwa ga Mai Girma Katin Memori

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana jin daɗin takardar da aka ƙunshe ka a ciki, ina sanar da kai cewa jiya ban runtsa ba. Ina tsakiyar kwashe bidiyon bikin ɗiyar yayata daga cikinka zuwa tsohuwar kwamfutata ta tebur, dumso mai ɗauke wuta ya yi halinsa, Tafo Zango ta yi ɗif. Da aka dawo da wuta sai ka ce ba ka san ni ba, wai sai an yi maka fomat kafin ka buɗe baki.

Masu wuta ba zan ɓata tawada a kansu ba, mun saba. Ƙanƙantarka ma na yafe, duk da rarrafen da ka sha sa ni a ƙarƙashin gado.

Da sassafe na hau torotoro zuwa Adum, wajen PZ, mahadar masu waya. Wani yaro mai gyara ya ce, "Baba, kada ka danna fomat, kada kuma ka ƙara sa masa ko hoto ɗaya." A cewarsa, abin da ɗaukewar wuta ta kan lalata shi ne jerin da ke nuna inda kowane fayil ya kwanta, kayan suna nan muddin ba a rubuta wasu a kansu ba. Ya sakar maka PhotoRec, manhajar kyauta ta Christophe Grenier ɗan Faransa, wadda ba ruwanta da jerin, bin ka take lungu-lungu tana gane hoto da bidiyo daga alamomin farkonsu.

Sai ka fara amai. Hotunan barka da Juma'a masu fure, na WhatsApp, ba iyaka. Rasit ɗin momo, na tura kuɗi ta waya. Hoton kumburarriyar ƙafata da na goge da hannuna. Duk babu suna, sai harafin f da jerin lambobi. Bikin fa? Ko ƙurarsa.

Yaron ya kwafe tarkacen, ya gwada ka da H2testw, wadda ke cika kati fal sannan ta karanto abin da ta zuba. Giga 64 aka rubuta a goshinka. Ashe 8 ne cikinka.

Kai, maƙaryaci! An murɗe lissafin 'yar ƙwaƙwalwarka don ka riƙa ce wa waya da sauran fili. Tun ranar da ka cika, duk abin da aka miƙo karɓa kake, ka rubuta sunansa, ka watsar, kamar mai karɓar adashin susu da ke sa hannu a kati yana cinye zubi. Ranar Lahadi na tsaya cikin rana, hannu a sama har kafaɗa ta sage, daga ɗaurin aure zuwa kai amarya, waya na ƙirga mintuna, kai kuwa kana ciki ka yi lamo. Abin da ya ɓata ake nema. Wanda ba a taɓa ajiyewa ba, wace manhaja za ta tono shi? Fujio Masuoka, injiniyan Toshiba da ya ƙirƙiro irin ma'ajiyarku a Japan cikin shekarun 1980, ko a hanya ya gan ka ba zai amsa gaisuwarka ba, ɗan jabu.

Maƙabartar Tafo ba nisa, amma ba zan ɓata maka ƙasa ba. Bayan la'asar Yaya za ta zo kallo, har da dangin ango. Zan kwance ƙunshin in ajiye ka a tsakiyar tabarma, kai ka yi musu bayani.

Wanda ya saye ka da guminsa,
Wani mazaunin Tafo Zango