Tikitin Ƙarshen Layi

Shekarar da na gama sakandare, a farkon shekarun 1980, babu mai ilimina a duk Rijiyar Zaki, a ganina dai. Lokacin garin namu gonaki ne da 'yan gidajen ƙasa, birnin Kano kuwa sai an yi niyya ake shiga. Da aka gama kai amfanin gona gida, kakata ta ce lokaci ya yi da za ta cika alkawarin da ta ɗauka tun tana goyon babana: ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Kawu ya ce a sa ta a mota. Na ce ina! Mota ai ta waɗanda ba su yi boko ba ce. Na ɗauko tsohon littafin taswirar da na gada a makaranta, na baje a tabarma, na bi layin dogo da yatsa: Kano, Zariya, Funtuwa, Gusau, ga shi nan ya miƙe sambal har Sakkwato. Guntun ƙarshen ya ɗan fi sauran shuɗi, amma wa ke kula da launi? Kaka ta leƙo ta ce, "Maigida, in ka ɓatar da ni, sadakina za ka sake biya."

Muka kama hanya da rabin buhun gero na sadaka, da buta, da tabarma, da zakara ɗaure a kwando, da buƙatun matan unguwa goma sha ɗaya da aka ce ni zan haddace tunda ni ne mai karatu. Daga Kano zuwa Zariya lafiya lau, sai dai zakaran ya yi cara a Madobi da azahar tsaka.

A Zariya ake canjin jirgi. Na je gaban tagar tikiti, na gyara wuyan riga, na ce, "Biyu, ƙarshen layi." Da Sakkwato na ce, da bawan Allahn nan ya cece ni. Amma na ga kamar "ƙarshen layi" ya fi kama da maganar wanda ya saba tafiya.

Da muka shiga jirgi, a benci mai kallonmu akwai wani dattijo, yana jan carbi a hankali. Kaka ta ce, "Malam, wace ɗariƙa?" Kafin ya amsa ta karɓa ta shiga ƙirge, sai ta ɓata rai: "Wannan ai bai kai ɗari ba. Jikoki ne suka tsinka maka?" Nan yatsanta ya kai kan ɗan gicciyen da ke reto a ƙasa. Dattijon ya yi dariya har da tari. "Na Katolika ne, Iya, hamsin da tara ne." Ashe mai koyarwa ne a coci, daga wajen Malumfashi. Kaka ta mayar masa da abinsa da hannu biyu, ta ɓare goro ta ba shi rabi, ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da ya ji ziyara za mu, ya ba mu labarin tasu: wani gari a Faransa, Lurdu, inda wata yarinya mai suna Bernadette ta ce Maryamu ta bayyana gare ta a 1858. Ya ce har majinyata ake ɗauka a jirgin ƙasa mai gadaje, a sauke su a cikin garin. Ni kuwa ba na son a fi mu. Na ce, "Mu ma haka ne, Baba. Jirgin nan kusan a bakin Hubbare zai ajiye mu."

Ya dube ni kamar mai duban akuyar da ta ci sabulu. Ya rage murya: "Samari, dogon nan a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa wa shi, ba maziyarta ba. Ku sauka a Gusau ku nemi mota."

Yana sauka a Funtuwa na zaro littafina a ɓoye, na haska tocila, na lashi yatsa na goga a kan guntun layin nan mai shuɗi. Layin ya biyo yatsana. Tawada ce! Wani ɗalibi da ya riƙe littafin kafina ne ya ƙarasa wa Turawa aikin da suka bari.

Na shirya dabara: muna isa Gusau zan ce jirgi ya lalace, mu sauka da mutuncina. Don in samu ƙarfin yin ƙarya na shanye sauran furar Kaka. Duk wanda ya san fura ya san abin da ya biyo baya.

Zakara ne ya tashe ni. Gari ya waye, jirgi tsaye, babu kowa sai mu. Na leƙa, ga dogo ya ƙare a jikin wani tudu, akuya kwance a kai tana tuƙa. Kaka har ta sauka, ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu don girmama ƙasar Shehu, tana tambayar mai shayi ta ina ake bi zuwa Hubbare. Ya ce, "Iya, sai kin koma Gusau, ki bi ta Talatar Mafara."

Na yi ta maza na ce, "Kaka, ai Namoda ma mayaƙin Shehu ne."

"Shi na yi wa alkawari?"

A bayan motar shanu muka koma Gusau, zakara ya tafi a kuɗin mota. Washegari muka shiga Sakkwato, ƙura har cikin kunne. A Hubbare buƙatun mata goma sha ɗaya suka cakuɗe mini, na roƙa wa tsohuwa mai ciwon gwiwa haihuwar tagwaye. Kaka kuwa ta ɗaga hannu, da muryar da na tabbata an ji ta har waje, ta roƙi Allah Ya ba mijinta hankali, in kuma babu rabo, Ya ba shi sana'ar da ba ta buƙatar taswira. Jama'a suka amsa da amin.

Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake kirana Maigida ba. Ƙarshen Layi take ce mini, kuma yanzu jikokina ma sun ji.