Tuffa Mai Fasfo a Kumatu

A garinmu ba a sayen tuffa don a ci, sai don a gani. Tsaya a bakin danja a Kano ka sha kallo. Mai mota zai zuge gilashi, ya ƙwala wa yaron talla kira yadda na motar baya zai ji, ya karɓi leda mai guda huɗu ko tayi babu. Shi ne fa mutumin da jiya ya kusa sa mai mangwaro kuka a kan ragin naira ɗari.

Ba laifinsa ba ne, tuffa baƙuwa ce. Kakanninta daga duwatsun Kazakistan suke, wadda muke samu kuma yawanci daga Afirka ta Kudu take hawo jirgin ruwa zuwa Legas, ta shigo mota har kasuwar 'Yan Lemo. Ga 'yar takardar nan da ake liƙa mata a kumatu kamar fasfo. A gidan wata gwaggona, yaron da ya ɓare takardar ya fi wanda ya gatsi tuffar shan faɗa.

Babban aikinta shi ne dubiya. Mutum na kwance a asibiti, ko kunu ba ya wucewa, sai ga ledoji a jere a kan durowa. A ce, "Sannu, Allah ya sa kaffara ne," a tafi. Kafin a sallame shi mai jinya ta yi kumatu, fata ta yi sheƙi.

Wadda ta isa gida kuwa ta shiga uku. Tuffa sanyi take so. A firji tana yin makonni garau. To firjin namu sai an kawo wuta yake tuna sunansa, kuma ko da wutar, wa zai ɓoye arzikinsa inda baƙo ba ya gani? Sai a ɗora ta a faranti a tsakiyar falo, a jera mata ayaba a gefe. Iskar da take fitarwa ta nunar da ayabar har ta yi baƙi, ita kuma ta yamutse kamar fuskar kaka. Ranar ce uwargida za ta ce, "Yara, ku zo ku ci, tana ƙara lafiya."

Sai masu girkin waya. Hajiya ta ga bidiyo, ta ɗaura aniyar rage ƙiba. Ta fere ɓawon, inda amfani mai yawa yake, ta zuba wa akuya. Sauran ta yayyanka, ta malala madarar gwangwani mai zaƙi, ta barbaɗa sukari. Wata uku ana wannan jihadi, akuyar ce kaɗai ta ga canji.

Duk wannan bidiri, ga gwaiba a bayan gida tsuntsaye na biki a kanta, alhali bitamin C da ke cikinta ya ninka na tuffa kusan sau 50. Kanya da magarya da goriba kuwa an bar wa 'yan makaranta, wai kayan ƙauye.

Ni dai na samo mafita. Na tara takardun kumatun tuffa, na liƙa wa gwaibar gidanmu, na jera a faranti. Baƙona na jiya ya ci uku, ya lumshe ido, ya ce, "Alhaji, kayan waje daban ne."