Rangwamen haraji ga mai amalanke

Har zuwa ƙarshen Satumbar 2025, Amurka ta riƙa yafe wa mai sayen sabuwar mota mai aiki da lantarki harajin da ya kai dala 7,500, fiye da miliyan 4 na sefa. Duk mai sha'awar a kwaikwayi wannan a Nijar, ya fara leƙa kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya ƙirga masu biyan harajin da za a zaftare wa miliyan 4 har a samu saura. Rangwamen zai wuce manomin gero da ɗan kabu-kabu ya sauka a aljihun Alhajin da ke da mota uku a gida. Mai amalanke kuwa, wanda jakinsa bai taɓa shan ko lita ɗaya ta fetur ɗin matatar SORAZ ba, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da kare muhalli.

Za a ce ai muna da rana, kuma gaskiya ne, har ta yi mana yawa. Amma rana ba ta shiga batir sai da faifan sola da waya, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a ƙasar nan. Da Najeriya ta katse layinta a Agustan 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar kamfanin NIGELEC ya tafi. Inda ake biyan kuɗi a shago don cajin wayar salula, motar sai ta bi layi bayan wayoyin. A fara kai wuta ƙauyuka, rangwamen ya jira.